Babbar Jakar Goyo ga Mai Hawa Keke: Tambayoyi da Amsoshi

Masu zuwa aiki ko makaranta a keke, da masu ɗauko cefane, da masu shirin tafiyar kwana ɗaya ko biyu, kusan tambayoyinsu iri ɗaya ne idan za su sayi jakar goyo. An tattaro su a nan, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi. An sa musu lamba domin wata amsar tana jingina da wata.

1. Me ake nufi da "babbar" jaka, kuma yaya ake auna girmanta?

Da lita ake auna cikin jakar goyo, kamar yadda ake auna ruwa. Idan ba a rubuta ba, ka auna tsawo da faɗi da kauri a santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000. Jaka mai tsawon santimita 50, faɗi 30, kauri 20, tana kusan lita 30. Na ce kusan, domin jaka ba akwati ba ce, kusurwoyinta a lanƙwashe suke, saboda haka abin da za ta ci zai ɗan gaza haka.

A wurin masu keke, lita 10 zuwa 15 ƙarama ce, ta ruwa da kayan faci da rigar ruwa. Lita 20 zuwa 25 ita ce matsakaiciyar da akasarin masu zuwa aiki ke ɗauka. Daga lita 30 zuwa 40 kuwa an shiga babba. Abin da ya haura lita 45 galibi ba don keke aka ɗinka shi ba, don masu tafiyar ƙasa da hawan tsauni ne, duba amsa ta 4. Kada kuma ka yarda da lambar ido rufe: wani kamfanin yakan haɗa har da aljihunan raga na gefe a lissafinsa, wani kuma babban cikin kawai yake ƙirgawa.

2. Lita nawa za ta ishe ni?

Kada ka yi kintace. Baza duk abin da kake ɗauka a ranar da kayanka suka fi yawa, ka zuba a kwali, ka auna inda suka tsaya, ka yi lissafin amsa ta 1. Ƙara ɗan sarari kaɗan a kai, shi ke nan girman jakarka. Kwamfutar tafi-da-gidanka da caja da tufafin canji da abincin rana sukan shiga lita 20 zuwa 25. Takalmi ne ke ɓata lissafi, da zarar ya shigo sai ka ga kana neman lita 30.

Ra'ayina shi ne mutum ya sayi mafi ƙanƙantar jakar da za ta ɗauki kayansa. Babbar jaka tana da wani hali: ba ta son zama da sarari, kullum sai ka sami abin cusawa, har ka wayi gari kana goyon abubuwan da ka yi wata ba ka taɓa ba. Idan kuma ka bar ta rabi-da-rabi, kayan ciki za su riƙa kai-komo duk lokacin da ka sha kwana. Wanda kayansa ke raguwa yau su ƙaru gobe, ya nemi mai bakin naɗewa, wadda aka yi bayaninta a amsa ta 8, ko mai maɗauran matsewa a gefe.

3. Kilo nawa ya kamata in goya?

Ma'aunin da aka saba bayarwa ga jakar yini shi ne kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinka. Mai kilo 70 ke nan ya tsaya wajen kilo 7. Masu tafiyar ƙasa da manyan jakunkuna sukan kai kashi 20, amma su a tsaye suke, nauyin yana sauka a ƙugu ya bi ƙafafu zuwa ƙasa. Mai keke a sunkuye yake. Duk kilon da ya ƙara a baya, hannuwansa da mazaunansa da ƙasan bayansa ne za su biya, kuma kowane rami sai ya ninka musu shi.

Nisa ma yana cikin lissafin. Kilo 10 na tafiyar minti goma sha biyar abu ne da lafiyayyen mutum zai jure, amma kilo 6 na awa huɗu yana iya hana shi barci. Ka tuna kuma cewa lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif, sannan babbar jaka mai kauri ita kanta takan kai kilo ɗaya ko fiye tun ba a saka komai ba. Idan kullum kana haura wannan ma'auni, ba sabuwar jaka kake buƙata ba, tafi amsa ta 14.

4. Ina da babbar jakar hawan tsauni. Ba zan iya amfani da ita ba?

Za ka iya, sau ɗaya ko biyu, idan dole ta kama. Amma ba za ka ji daɗinta ba, kuma dalilan a fili suke. Doguwa ce, an yi ta ta haura kafaɗa, to da ka sunkuya kan keke ka ɗaga kai don ganin hanya, sai samanta ya tokare bayan hular kwano ya turo ta kan idanunka. Wannan ba takura kawai ba ce, haɗari ne. Sandunan da ke cikin bayanta an lanƙwasa su daidai da bayan mai tafiya a miƙe, ba bayan da ya yi baka ba. Ɗamararta mai kaurin soso kuma tana zama daidai inda cinya ke tasowa a duk juyin feda.

Jakar keke ta gaskiya gajeriya ce, ba ta wuce faɗin kafaɗu, kuma ba ta tudu sosai zuwa baya. Jaka biyu na iya zama lita 35 dukansu, ɗaya ta kwanta a bayanka kamar an goya yaro mai barci, ɗaya kuma ta yi ta fizgarka.

5. Yaya zan gane jaka ta dace da jikina?

Tsawon baya ake dubawa, ba tsawon mutum ba. Sunkuyar da kai, za ka ji wani ƙashi ya fito a gindin wuya. Sa wani ya auna daga nan zuwa daidai saman ƙashin ƙugu. Mutum biyu masu tsayi ɗaya na iya bambanta da santimita da yawa a wannan awo, shi ya sa wasu jakunkuna ke zuwa da girma-girma, wasu kuma ake iya ɗaga maratayansu ko a sauke. Akwai waɗanda aka yanka don mata, bayansu ya fi gajarta, maratayan sun fi kusa da juna kuma sun kauce wa ƙirji. Namiji mai gajeren baya ma yana iya samun sauƙi a irinsu, ba abin kunya ba ne.

Wajen gwaji, kada ka gwada ta wayam kana tsaye gaban madubi, domin a haka kowace jaka daɗi gare ta. Zuba mata kaya masu nauyin da ka saba ɗauka, sa hular kwanonka, ka sunkuya kamar kana riƙe da hannun keke, in da hali ma ka hau keken. Ɗaga kai sama. Waiwaya dama da hagu. Miƙa hannu kamar za ka ba da alamar kwana. Idan hula ta taɓa jaka, ko maratayi ya goge wuyanka, ko ƙasan jakar ya kai ga sirdi, ba taka ba ce, komai kyanta. Mai saye ta intanet ya tabbatar ana karɓar mayarwa kafin ya biya.

6. Maɗaurin ƙirji da na ƙugu dole ne?

Ga babbar jaka, e. Na ƙirji yana hana maratayan zamewa gefe, yana kuma janye su daga hammata, inda jijiyoyin hannu suke wucewa. A ɗaure shi ƙasa kaɗan da ƙashin wuya, kada a matse har ya hana numfashi a hawan tudu. Mai kyau yakan zo da ɗan roba mai talewa, kuma ana iya matsar da shi sama ko ƙasa.

Na ƙugu aikinsa ya bambanta a keke. A tafiyar ƙasa shi ke ɗaukar mafi yawan nauyi, amma a keke babban amfaninsa hana jaka lilo, da hana ta tahowa ƙeyarka idan ka taka birki da ƙarfi ko kana gangara. Saboda haka siriri ko mai ɗan faɗi marar kauri ya wadatar. Bayan ka gama ɗaurewa, naɗe jelar da ta rage. Maɗaurin da ke reto yana iya shiga taya ko ya sarƙe a sirdi lokacin sauka.

7. Bayana yana jiƙewa sharkaf. Akwai jakar da ba ta sa gumi?

Babu. Akwai dai mai ragewa. Iri biyu ne: mai soso biyu a tsaye da kwari a tsakiya don iska ta bi, da kuma mai raga a ɗame wadda ke ɗage jakar gaba ɗaya daga fata. Kamfanin Deuter na Jamus ne ya fito da irin ta biyun a 1984. Ta fi shan iska, amma tana da nata cikas ga mai babban kaya: tana nisanta nauyi daga baya, abin da ke ƙara lilo, sannan lanƙwasar da ke cikinta tana cinye wuri, har kwamfuta ko littafi mai faɗi su ƙi kwanciya daidai. Ga kaya mai nauyi na fi karkata ga mai soso. Wanda zai isa ofis kuwa, ya saka rigar aiki a jaka ya canza a can, ya fi masa duk wata dabara.

8. Wacce ce ba ta shan ruwa da gaske?

A nan ake yawan ruɗin mai saye. Yadi na iya zama marar shan ruwa, amma jakar ta sha, domin ruwa ta ramukan allura da haƙoran zif yake shiga. Jakar da aka ce tana jure ruwa, yayyafi take nufi. Wadda ba ta sha sam ita ce mai yadi kamar tamfol, wadda aka manne gaɓoɓinta da zafi maimakon ɗinki, bakinta kuma naɗe shi ake yi aƙalla sau uku a ɗaure. Kamfanin Ortlieb na Jamus, wanda aka kafa a 1982, ya yi suna a wannan salo, yanzu kuma kamfanoni da yawa suna yi. Idan ka ga lamba kamar IP64, ta farko tana magana kan ƙura, 6 na nufin ba ta shiga ko kaɗan, ta biyu kan ruwa, 4 na nufin fantsama daga kowane ɓangare. Ba ta nufin a tsoma jakar a kogi.

Mai bakin naɗewa tana da wani alheri: bakin yana ƙara ko rage girmanta gwargwadon kaya. Aibinta shi ne yawanci rami ɗaya ce zurum, ba aljihuna, abin da ke ƙasa sai an kwashe na sama. Hanya ta biyu ita ce jaka mai zif da rigar ruwanta da ake lulluɓa mata. Tana aiki, sai dai ruwa kan gangaro tsakanin baya da jaka ya jiƙa wannan ɓangaren, iska kuma kan cire ta idan ba ta da maɗauri. Hanya ta uku, mafi arha, ka shimfiɗa leda mai kauri a ciki ka zuba kaya ka murɗe bakinta. Kada ka manta da ƙasan jakar: keken da ba shi da madigadi yana watso ruwa da taɓo daga tayar baya kai tsaye.

9. Me lambobin 500D da 1000D ke nufi? Me zan duba don ƙarko?

Ma'aunin kaurin zare ne, wato nauyin zare mai tsawon mita 9,000 a giram. Yawan lamba, kaurin zare. Yadi mai 1000D, irin yadin da ake kira Cordura, yana jure gurzuwa sosai amma yana da nauyi, mai 400D zuwa 600D ya ishi yawancin mutane, musamman idan an ninka gindin jakar. Sai dai ba yadi ke fara mutuwa ba. Zif ne, sai inda maratayi ya haɗu da jaka, sai ƙugiyoyin roba. Ja zif ɗin sau da yawa ka ji ko yana sarƙewa a kwana, ka duba ko haƙoransa manya ne. Sunan kamfanin zif na YKK na Japan a jikinsa alama ce mai kyau. Leƙa cikin jakar ka ga ɗinkin kafaɗa, ya kamata a ce an maimaita shi sau da yawa a wuri ɗaya.

10. Yaya zan shirya kaya a ciki?

Mai nauyi ya manne da baya, daga tsakiya zuwa ƙasa. Mai sauƙi, kamar tufafi, ya cike gaba da sama da duk wani gurbi. Abin da za ka nema a hanya, rigar ruwa ko famfo ko kayan faci, ya kasance a sama ko aljihun waje. Daidaita dama da hagu, sannan ka ja maɗauran gefe har sai ka girgiza jakar ba ka ji motsi ba.

Ka yi tunanin faɗuwa, ko da ba a fata. Duk wani abu mai tauri ko tsini da ke jingine da ƙashin bayanka, sifana ko kwaɗon ƙarfe ko gwangwani, a kansa za ka sauka. Naɗe su a tufafi, ka nisanta su daga tsakiyar baya. Kwaɗon keke ma ya fi kyau a ɗaure shi a jikin keken, ya rage maka kilo guda ko fiye. Aljihun kwamfuta kuma ya zama a rataye, bai taɓa gindin jakar ba, don kada ta bugu duk lokacin da ka dire jaka. Masu hawan duwatsu da keke suna da jakunkuna masu farantin kare baya, ana gwada su da ma'aunin Turai EN 1621-2, mataki na 2 ya fi na 1 shanye bugu.

11. Babbar jaka tana canza yadda keke ke tafiya?

Sosai. Nauyi ya koma sama, saboda haka kwana da tsayawar gaggawa sun fi wuya, kuma tazarar birki ta ƙaru. A gangara, matsa baya kaɗan a sirdi ka fara rage gudu da wuri. Iskar gefe tana samun abin turawa, ta gaba kuma turjiyarta tana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu, shi ya sa jakar da ta fi kafaɗu faɗi take gajiyarwa a doguwar hanya. Waiwaye ma yana raguwa, madubi a hannun keke yana taimakawa. Ƙara wa tayar baya iska kaɗan, ba tare da wuce abin da aka rubuta a gefenta ba, ka riƙa ɗaga mazaunai daga sirdi idan za ka haye rami. Ranar farko, gwada ta a hanyar da babu motoci.

Da dare, ka tuna jaka ta rufe bayan rigarka, komai haskenta. Nemi mai ƙyallen da ke mayar da hasken fitila a baya da gefe, da madaukin rataya jar fitila. Amma kada ka dogara da wannan fitilar kaɗai, domin idan ka sunkuya sama take haskawa. Babbar fitilar baya a jikin keke take zama, ka kuma duba kada gindin jakar ya sauko ya rufe ta.

12. Jaka mai maratayi ɗaya fa, irin ta masu kai saƙo?

An yi ta ne don wanda ke tsayawa kowane minti kaɗan ya juyo da ita gaba ya ciro saƙo ba tare da ya sauke ba. Idan haka aikinka yake, ta dace, muddin tana da ƙaramin maɗaurin da ke bi ta ƙarƙashin hammata ya hana ta juyowa. Ga kaya mai nauyi da tafiya mai nisa kuwa, kafaɗa ɗaya ce ke shan wahala, jiki kuma yana karkacewa don ramawa. Maratayi biyu sun fi.

13. Hannuna yana sagewa, wuyana yana ciwo. Jakar ce?

Gwajin mai sauƙi ne: yi tafiyar nan ba jaka, ka gani. Idan ciwon ya tafi, ita ce. Sagewar yatsu tana zuwa ta hanya biyu, ko maratayi yana danne jijiyoyi a gaban kafaɗa, ko ƙarin nauyi yana danna tafin hannu a kan ƙarfe. Rage kaya, sassauta maratayan kaɗan, gyara maɗaurin ƙirji kamar yadda yake a amsa ta 6, ka riƙa canza riƙo. Ciwon wuya kuwa sau da yawa daga jakar da ke tokare hula yake, mutum na ta cije wuya bai sani ba. Idan sagewa ba ta wuce bayan an sauka an huta ba, ko hannu ya rasa ƙarfi, a ga likita.

14. Yaushe ya kamata in haƙura da goyo in ɗora wa keken?

Idan kaya sun haura ma'aunin amsa ta 3 a kai a kai, ko tafiya tana wuce awa ɗaya zuwa biyu, ko ta kwanaki ce. Keke an ƙera shi ya ɗauki kaya, baya kuwa lallaɓa shi ake yi. Kariyar ɗora kaya ta bayan keke, mai ƙafafu da aka ɗaure a jikin keken, yawanci kilo 25 aka rubuta mata, jakunkunan gefe guda biyu kuma sukan ba da lita 40 a haɗe, nauyin yana ƙasa kusa da taya, bayanka yana shan iska. Irin kariyar da ke maƙale a sandar sirdi kaɗai ba ta kai haka ba, wajen kilo 10 take tsayawa, kuma ba a so a ɗaura ta a sandar da ba ta ƙarfe ba.

Goyo yana da wuraren da ya fi, ba a ƙwace masa. Mai hawa bene da keke a kafaɗa, mai haɗa keke da jirgin ƙasa ko bas, mai keken haya, mai bin hanyar duwatsu inda jakar gefe za ta riƙa karo, da mai ɗauke da kwamfuta ko kyamara, domin jiki yana shanye girgizar da kariya ke miƙa wa kaya kai tsaye. Da yawa sukan raba: mai nauyi a keke, mai tsada da mai fashewa a baya cikin jakar lita 15 zuwa 20. Akwai kuma jakunkunan da ake rataya wa kariya a hanya, a sauka a goya su. Idan za ka ɗaure jakar goyo a kan kariya ko cikin kwando, tura duk maratayanta ciki tukuna.

15. Yaya zan wanke ta, in kuma adana ta?

Da hannu, da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar ƙarfi, da buroshi mai laushi. Injin wanki da na busarwa suna ɓare shafen da ke hana ruwa shiga, suna kuma lalata soso. Ba da ƙarfi ga maratayi da bayan jakar, inda gishirin gumi ke taruwa. Shanya ta a inuwa, baki a buɗe yana kallon ƙasa, domin zafin rana yana cin zaren nailan a hankali. Kada a ajiye ta da danshi, za ta yi fumfuna, shafen cikinta ya fara danƙo yana wari. Zif mai tauri a goge masa ƙura da tsohon buroshin haƙori, a ɗan goga masa kyandir. Ƙugiyar roba da ta karye kuwa ana sayar da madadinta, akwai ma irin da ake ɗaurawa da ɗan kusa mai murɗawa ba sai an farke ɗinki ba, a dai auna faɗin maɗaurin, yawanci milimita 20 ne ko 25.